Mahamud da kiran ranar Alhamis

Mahamud ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, a lungun dukawa aka haife shi, cikin warin jima da ƙarar guduma. Babansa ɗinkin jaka da takalma yake yi, ya kuma so ɗan ya gaje shi, amma lakol, makarantar boko, ta riƙe yaron har ta kai shi Yamai. Ya dawo Damagaram da takardar aikin ordinater, wato kwamfuta, da wata tsohuwar moto mai ƙafa biyu. Allah ya jiƙansa, tun muna yara ba ya yarda da abu don kawai an faɗa masa. In mai gyara ya ce ya zuba wa moto sabon mai, sai ya zaro ƙarfen awo ya duba. In matarsa Fati ta ce ta kulle ƙofa, sai ya koma ya girgiza kwaɗon. Mu-gani muke ce masa, yana amsawa kuwa. Ba mugun zuciya gare shi ba, tsoron kunya ne ya yi masa yawa. Ya rasu a daminar bara bayan zazzaɓin kwana huɗu, yana da shekara talatin da takwas, har yau kuwa kujerarsa a wurin shan shayinmu ba mai son zama a kanta.

Aikinsa a wata ƙungiya ne mai taimakon gidajen likita na ƙauye. Suna da wata na'ura da ke kiran salular mata masu goyo kowace Alhamis da hantsi, ta tuna musu ranar allurar rigakafi. A wani ƙauyen ƙasar Droum, muryar Shatu aka ɗauka don wannan kira. Shatu ungozoma ce, shekararta ashirin a gidan likitan garin, rabin yaran ƙauyen a hannunta suka faɗo. An zaɓi muryarta ne don mata sun san ta. Abin da kiran yake cewa kaɗan ne: "Sannu da gida, Shatu ce. Ranar allurar yaronki ta zo, ki kawo shi da karnensa, takardar allurarsa."

A ƙauyen akwai wata mata, Ramlatu, matar wani manomi Malam Hamisu. Ɗiyarta ta rasu tana wata bakwai. Alhamis ɗin da ta biyo bayan sadakar bakwai, salularta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta ji Shatu na cewa ta kawo yaro. Sati ya zagayo aka sake kira, haka na bayansa. Ramlatu ba ta san wata na'ura ba, Shatu ta sani, Shatun da ta zo gaisuwa ta riƙe mata hannu. Magana ta bi rijiya da turmi. Wasu suka ce habaici ne, don Ramlatu ta makara wajen kai yarinyar likita. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ungozomar. Cikin wata guda matan da ke zuwa awo da allura suka ragu, masu hali suna hawa amalanke su tafi wani gari.

Shatu ta kira Mahamud tana kuka. Abin da ya fara yi shi ne zarginta. Ya tambaye ta ko dai ba ta rubuta rasuwar a rajista ba. Ta ce ta rubuta. Ya ce ta ɗauki hoton shafin ta turo. Ta turo, ga rubutun nan da kwanan wata. Sai ya buɗe aikinsa ya ga laifin: ba a taɓa koya wa na'urar ta tsallake yaron da ya rasu ba. A yini ɗaya ya gyara.

Yadda ya taɓa yi mana bayani, shirin da ke yin kiran a cikin wani abu yake zaune mai kamar akwati, kwantena suke ce masa. Duk sanda ya yi gyara, wata na'ura ce da kanta take haɗa sabon akwati ta kai shi ma'aji. Babbar na'urar da ke Yamai kuma ta ɗauko sabon ta ajiye tsohon, ba hannun kowa. In komai ya tafi daidai sai koriyar alama ta fito. Ran nan ta fito kore shar.

Ya ɗauki moto ranar Alhamis ya tafi ƙauyen, ya ɗauki Shatu suka je gidan Malam Hamisu. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar iccen bedi, Ramlatu na zaune daga bakin ɗaki, ba ta ɗago kai ba. Mahamud ya yi gaisuwa, ya bayyana cewa muryar ɗauka aka yi tun shekara biyu, Shatu ba ta taɓa kiran kowa ba, kuma an gyara.

Malam Hamisu ya ce, "Malam, kai ka gyara da hannunka, ko cewa aka yi an gyara?"

"Da hannuna."

"To madalla. Mu dai mun gaji."

Bai rufe baki ba salular ta yi ƙara a cikin ɗaki. Ramlatu ta ɗauko ta miƙa wa mijin, ya danna, muryar Shatu ta cika tsakar gida, ga Shatu zaune bakinta rufe. Malam Hamisu ya dubi salular, ya dubi ungozomar, ya ɗan ja tabarmarsa baya. Wata maƙwabciya da ke leƙe ta kan danga ta yi salati ta wuce da sauri. Kafin la'asar labarin ya canza, yanzu cewa ake Shatu tana magana a wuri biyu.

A hanyar komawa Shatu ta ce masa, "Ƙanena, da ka bar ni a yadda nake. Da mai habaici ce ni, yau ka mai da ni mayya."

Ya sauke ta a ƙofar gidanta.

Ya koma biro, wato ofishinsa, ya sake tura gyaran, alama ta yi kore. Ya cire lambar Ramlatu da hannu, amma ya san duk Laraba rajistar ƙauye take sake shigowa ta mayar da ita. Zarginsa ya koma kan Musa, abokin aikinsa na Yamai, wanda ya ɗora na'urar tun farko. Wata takwas kafin nan Mahamud ya lura Musa na shiga babbar na'urar ba tare da ya gaya masa ba, minti biyu ya fita. Bai tambaye shi dalili ba, ya canza lambar sirri kawai. Musa bai taɓa tayar da maganar ba, wannan shirun kuwa shi ya fi damun Mahamud. A ransa ya gama yanke hukunci: mutumin yana da wata ƙofar ta baya, yana bi yana maido da tsohon aiki don a ce na Damagaram bai iya ba.

Ya ɗana masa tarko. Ya canza launin shafin farko na shirin daga shuɗi zuwa ja, ya tura, ya zauna yana kallo don ya kama lokacin da za a maido da shuɗin. Ya yi azahar a biro, ya yi la'asar. Ba wanda ya shiga. Jan ma bai taɓa fitowa ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Sai ya shiga babbar na'urar ya duba kwanan watan akwatin da take aiki da shi. Na wata takwas da suka wuce ne. Duk gyaran da ya yi tun lokacin, manya da ƙanana, suna jibge a ma'aji ba a buɗe ko ɗaya ba.

Duk da haka da faɗa ya kira Musa. Ya ce ya faɗa masa gaskiya me ya toshe.

Musa ya ce, "Baduku, ka ci abinci yau?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"To saurara. Wane suna kake ba akwatunanka?"

Suna ɗaya Mahamud yake ba su duka. Shi ya dage a kan haka tun farko, don kada wani ya zaɓi wanda ba shi ba. Musa ya ce ai na'urar suna kawai take dubawa. In ta ga tana da akwati mai wannan sunan sai ta ce tana da shi, ba ta zuwa ma'aji. Koriyar alamar kuwa shaida ce an haɗa an kai, ba shaidar an buɗe ba. Ya ce ya gano haka tun shekarar farko, ya faɗa masa a taro, Mahamud ya ce a bar sunan yadda yake. Shi ya sa duk sanda ya ga sabon gyara sai ya shiga ya jawo shi da hannu, minti biyu.

"Da ka rufe ni, na ɗauka ka gano hanyarka ne. Na ji haushi, ban ɓoye maka ba. Amma ban zaci ba ka duba ba. Kai fa, Mu-gani?"

Fati ta ce ran nan da Mahamud ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba, ya zauna a kan turmi yana cewa mutum ya bincike kowa, ya bar koriyar alama.

Washegari ya mayar wa Musa lambar sirri, suka yi aikin tare ta waya. Kowane akwati ya samu lambarsa da kwanan watansa, suka kuma sa lambar ta riƙa fitowa a ƙasan shafi don ido ya gani. Ba a nan ya tsaya ba. Ya rubuta yara biyu na ƙarya a rajista, dukansu da lambar salularsa, ɗaya mai rai ɗaya marigayi. Ranar Alhamis kira ɗaya ya shigo masa. Ya duba, na mai ran ne.

Bai aika saƙo ba, da kansa ya koma ƙauyen. Malam Hamisu ya tarbe shi a zaure, bai shigar da shi ciki ba, ya ce salular tana cikin tukunya an cire mata batir. Mahamud ya roƙi a mayar, a ajiye ta a tsakaninsu Alhamis mai zuwa. Ya je, suka zauna tun safe har rana ta take, ba ta yi ƙara ba. Ya sake zuwa, Alhamis biyar a jere, har Malam Hamisu ya fara ajiye masa fura yana tsokanarsa cewa in gona yake so a yanka masa. A zuwansa na ƙarshe ya nemi izinin liman, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar, ya faɗa wa maza cewa laifin nasa ne shi kaɗai, Shatu ba ta da hannu. Ya kunna musu muryar daga salularsa sau uku, ya ba wani dattijo ya danna da kansa. Mutumin da kunya take hana shi barci, shi ya yi wannan.

Matan sun dawo wurin Shatu, ba duka ba, ba kuma lokaci ɗaya ba. Ramlatu ba ta cikinsu har Mahamud ya kwanta ciwo. Shatu ta zo gaisuwar rasuwarsa ranar uku, ta zauna cikin mata kusa da Fati, a nan ta ba da labari. Ta ce Ramlatu ta zo awo satin da ya wuce, cikin wata biyar, ta kwanta ta bari aka duba ta. Da aka zo rubuta lambar salula a karne sai ta dafe takardar da hannu, ta ce a bar wurin fari, ita da ƙafarta za ta riƙa zuwa tambayar ranar.