Rawanin Kaka a Gidan Wuta

Jiya da rana maƙwabcinmu mai walda ya tayar da janaretansa, iska ta kwaso warin baƙin mai ta shigo da shi har tsakar gidana. Ina tsintar shinkafa, sai na ji hannuna ya tsaya cak. Ban san abin da wannan wari yake tuna maka ba, mai karatu. Ni dai kakana yake tuna mini, da ranar da na ga tsakiyar kansa.

Lokacin shekaruna ba su wuce takwas ba, muna haya a Gwadabawa, Baba yana aiki a gidan wuta na Jimeta. Lantarki sabon abu ne a garin. Asibiti da ofisoshin gwamnati da gidajen manya ne kawai suke da shi. Mu kuwa da ubanmu ke wuni yana zuba wa injin mai, fitilar ƙwai muke kunnawa, mahaifiyarmu Dada kuma ba ta gajiya da yi masa gori a kan haka. Da damina jiragen ruwa suke hauro Binuwai da gangunan mai, a yi ta mirgino su daga bakin kogi. Da bazara kuma, idan gari ya yi tsit saboda zafi, har gidanmu ana jiyo gurnanin injin ƙasa-ƙasa, ba ya numfasawa.

Ina tsoron wannan gurnani ƙwarai. Yaran unguwa sun ce injin jini yake sha duk shekara, kuma muna da shaida a cikin gida. Akwai wani Kirista mutumin wajen Ganye da ke haya a ɗakin da ke kallon namu, shi ne babba a kan injinan, Kawu muke ce masa. Hannunsa na dama yatsu uku ne. Idan ya ga ina leƙen hannun sai ya ɗaga mini shi ya ce, "Inji ya ci biyu, 'yata, har yanzu bai ƙoshi ba." Ya yi ta dariya, ni kuwa in ruga bayan Dada. Saboda waɗannan yatsu ne aka kafa doka a gidan wuta: ba a shiga da riga mai hannu ko wani abu mai reto. Baba yakan fita gida da rigarsa ta mutunci, a bakin ƙofa ya tuɓe ya sa kaki da gajeren wando.

Kaka malami ne a tsohon garin Yola, Modibbo ake ce masa. Baba ne ɗansa na fari, kuma in kai ba ɗan gidan Fulani ba ne, sai na yi maka bayani. Kaka ba ya kiran sunan Baba, ba ya kallon fuskarsa, ba ya yi masa magana. Baba ma haka, daga nesa yake tsugunawa kansa a ƙasa. Ni ce gadarsu. Kaka yakan ja kunnena ya ce, "Amarya, ki gaya wa wancan gero ya kusa ƙarewa," alhali wancan ɗin yana zaune taku huɗu daga tabarmarsa. Ni kuma in juya in maimaita, ina jin kaina wata babba.

A haka Kaka ya gane abin da muke ɓoyewa. Wata Juma'a da muka je gaishe shi kamar yadda muka saba, na isar da saƙo, Baba bai ko motsa ba. Na maimaita, shiru. Sai da na matsa na ɗaga murya sannan ya yi firgigit. Kunnensa ya fara tafiya, ƙarar injin tana cinye shi a hankali. Sai carbin Kaka ya daina motsi.

Ranar Talata sai ga shi a gidanmu, rana tsaka, cikin farar babbar riga da rawani mai dogon jela. Ya tarar ina ɗaure kwanon abincin Baba.

"Amarya, yau tare za mu kai. Ina so in ga abin nan da ke cin kunnen wancan."

Dada ta dube shi, ta dubi rigar, ta sunkuyar da kai. Suruka ba ta gyara wa suruki shiga. A bakin ƙofar gidan wuta ma haka aka yi. Maigadi ya zube yana gaisuwa, na ga idonsa ya bi hannun rigar har ƙasa, ya buɗe baki ya rufe. Wa zai ce wa Modibbo ya tuɓe? Kullum a nan nake ajiye kwano in juya da gudu, amma ran nan Kaka yana riƙe da hannuna, dole na shiga.

Zafi ne ya fara marina, sannan ƙara. Ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, har cikin haƙora da tafin ƙafa, don daɓen ma rawa yake yi. Injin ya fi ɗakinmu girma, baƙi ƙirin, yana zufar mai. A gefensa akwai wani ƙaton gargare na ƙarfe da ya fi Kaka tsawo, yana juyawa har ba a ganin jikinsa sosai, yana zuƙar iska. Na hango Baba can sama a kan tsanin ƙarfe da butar mai a hannu, ya ba mu baya. Na ƙanƙame hannun Kaka.

Kaka ya saki hannuna. Ya ɗaga tafukansa, leɓunansa suna motsi, sai na gane abin da ya kawo shi. Addu'a zai yi ya tofa wa injin, yadda yake tofa wa maciji ko yaro mai zazzaɓi. Tofi kuwa ba a yin sa daga nesa. Ya yi taku ɗaya, ya ƙara wani, ya ɗan ranƙwafa. Jelar rawaninsa ta tashi daga bayansa, ta zagayo kafaɗa, ta miƙe tana karkarwa tana neman gargaren.

Na kurma ihu, ni kaina ban ji muryata ba. A daidai nan Baba ya waiwayo. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga kuma ya tsaya a buɗe ba komai a ciki, domin mutumin da bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, bai san ma da me zai kira shi ba. Wannan ɗan tsaiko bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Sai ya yar da butar ya diro. Ya rungumo Kaka ta ƙirji da hannu ɗaya, ya sa ɗayan ya kaɓe rawanin daga kansa, suka zube ƙasa tare. Gargaren ya riga ya kama jelar. Rawanin nan mai kamu goma ya wuce fuu, ya nannaɗe a jikin ƙarfe, ya fara feso tsummoki.

Kawu ya fito a guje ya kashe injin. Gurnanin ya yi ta raguwa har ya mutu, wutar gari ta ɗauke da rana tsaka. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Kaka yana zaune a daɓe, kansa a buɗe, ɗan ƙarami, da furfura tsilli-tsilli. A ƙirjin farar rigarsa ga shatin hannun Baba, baƙin mai haɗe da jini, don ƙarfe ya yanke shi wajen dirowa. Ma'aikata duk suka kau da kai.

"Sannu, Baba Modibbo," in ji Kawu. "In ba yaro nan ba, da yanzu kai naka yana ciki."

Kaka ya dafa daɓe. Ya miƙe, ya jawo hannun riga ya rufe kansa, ya fita ko ni bai nema ba. Baba kuwa yana tsugune inda yake.

Daga nan wani tsoron ya shigo gidanmu, wanda ya fi na inji. Ɗa ya kayar da ubansa a ƙasa, ya tone masa kai a gaban jama'a. Dada ta ce abin da take gudu shi ne baki, don idan Modibbo ya furta kalma ɗaya cikin fushi, Baba ya gama yawo. Juma'a ta zo ba mu je Yola ba, ba a kuma aiko ba. Baba ya daina cin abinci, sai ya zauna yana kallon hannunsa da aka ɗaure. Kawu ya yi ta cewa shi bai ga laifi a nan ba, Dada ta ce masa ba zai gane ba. Ni kuma na ɗora wa kaina laifin, tunda ni na nuna hanya.

Sai a Juma'a ta biyu aka aiko mu zo. Muka tarar da Kaka a zaure da sabon rawani. A gefensa ga rigar nan a ninke, ba a wanke ba, shatin hannun yana sama. Baba ya tsuguna a bakin ƙofa. Na san duk abin da za a faɗa, ta bakina zai bi.

"Amarya," in ji Kaka, "ki gaya wa wancan..."

Bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana kallon rigar. Can ya dafa ƙasa ya miƙe, ya wuce ni, ya taka har inda Baba yake. Ya sunkuya ya kai bakinsa daidai kunnensa na dama, kunnen da ya raɗa wa suna tun Baba yana jinjiri, ya kira wannan suna da ƙarfi. Ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Sannan ya ce, "Hannun ya warke?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga hannun kawai, hawaye na sauka a gemunsa.

Injinan nan sun daɗe da yin shiru. Yau kowane shago da ɗan janaretansa, rufin gidaje cike da allunan hasken rana, jikokina kuma a wuyan ubansu suke hawa suna ja masa gemu, ba mai buƙatar gada. Kunnen Baba bai dawo ba, kafin ya tsufa ya toshe gaba ɗaya. Na taɓa rubuta masa a takarda ina tambaya ko yana jin haushin aikin da ya kurmantar da shi. Ya karanta, ya yi murmushi, ya taɓa kunnensa na dama ya ce mini abin da yake son ji ya riga ya ji.