Ɗingishin Mai Famfo

Mijin yayata gyaran famfon burtsatse yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Famfo, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Ni kuwa walda ce sana'ata, ni ne autan gidanmu, kuma duk wani ƙarfe da ke jikin motarsa wanda ba daga kamfani ya zo ba, hannuna ne ya liƙa shi. Don haka in zan ba da labarinsa, dole motar ta shigo, ban san yadda ake raba su ba.

Dogo ne siriri, ba ya son surutu sai an taɓo maganar mota, ga taurin kai kamar ya kashe shi. Aikinsa daga inda kwalta ta ƙare yake farawa, a ƙauyukan da aka haƙa wa burtsatse aka ɗauki hoto aka tafi, famfo ya lalace ba mai waiwayarsu. Da babur ya fara, yana ɗaure bututu a baya yana tangaɗi da su a cikin yashi. Da ya ga ƙugunsa ba zai kai shi ba, ya sayi wata tsohuwar fowil, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Ranar da ya kawo ta garejina, ya zagaye ta yana shafawa.

"Auta, me ka gani?"

Na ce, "Tsatsa na gani, Yaya."

Ya ce, "To, ni hanya na gani. Ɗauko kayan aikinka."

Yana da wata ƙa'ida da na daɗe ban fahimta ba: ba ya ƙara wa motar komai sai hanya ta nema. Samari kan zo mini da irin motar, su ce in jera musu fitilu a saman rufi, in ɗaura ƙaton ƙarfe a gaba, alhali motar ba ta taɓa taka ciyawa ba. Shi in ya gansu sai ya kau da kai kawai. Keriyar ɗaukar kaya ya fara sawa a sama saboda bututu. Bututun shan iska da ke tsaye gefen gilashi kuwa, sai da injin ya sha ruwa a wani kududdufi ya kwana biyu a kwance kafin ya yarda a sa shi. Na yi masa tayin babbar bamba ta ƙarfe, ya ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyinta, ya ce wannan a yashi ita za ta fara binne shi. A madadinta ya sa ƙaramin injin jan waya, wanda in ka kafe za ka ɗaura a bishiya ya fizgo ka.

Taya ce ta fi ba shi wahalar zaɓi. Akwai masu manyan haƙora, su ne maganin laka, amma a kan kwalta kuka suke yi har kai ya yi ciwo, ga saurin cinyewa. Akwai matsakaita, ba kuka, amma in damina ta yi nisa sai addu'a. Ya yi ta zuwa shagon mai taya yana dubawa yana komawa, har mai tayan ya daina tashi in ya gan shi. Yayata ce ta raba gardamar.

"Ɗauki masu haƙoran nan mu huta," in ji ta. "Kukan ai ni zai dama, kuma wanda ya zauna da kai shekara da shekaru, kukan taya ba zai hana shi barci ba."

Ita ke da kujerar gaba. Tun da 'yan biyunsu suka girma suka kama gabansu take bin sa daji, shi ya sa yake kiranta Kwandasta. Gajeriya ce yayar tawa, amma fa akwai zafin nama. Ta kama hannun ƙofa, ta dafa kujera, kafin ka ƙifta ido ta haye. Ita ke riƙe filas ɗin shayi, ita ke miƙa masa sifana tun kafin ya faɗi lambarta. In sun isa ƙauye, shi ya tsaya da maza suna rantsuwar famfo haka kawai ya tsaya, ita ta zagaya wajen mata ta dawo da gaskiya: yara ne suka zura tsakuwa, ko wani ne ya ɗaure bijimi a jikin hannun famfon. Ya sha gaya mini rabin gyaran ita ke yi, amma bai taɓa faɗa a gabanta ba.

Akwai wani rafi mai duwatsu da ya zame masa ƙarfen ƙafa. A hayinsa akwai ƙauyuka da ba mai gyaran da ke kai musu, kuma shi ya ɗora wa kansa sai ya kai. Karon farko dutse ya fasa masa ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye a ruwa. Ya dawo ya ce in ɗaga motar. Muka sake sifirin, muka sa shokozoba masu tsawo. Bayan wani lokaci ya sa tayoyin da suka fi na da girma, aka sake ɗagawa don kada su goge jiki. Matakalar da motar ta zo da ita a ƙasan ƙofa, dutsen rafin ya lanƙwasa ta, na miƙe, ya sake lanƙwasa ta.

"Yanke ta, Auta," in ji shi. "Matakala ta motar 'yan gayu ce."

Na yanke na jefa bayan gareji. Wallahi na yi alfahari da aikin nan. Motar ta zama abin kallo, in ta tsaya a tasha direbobi har leƙa ƙarƙashinta suke yi. Rafin da ke tsorata kowa ya koma masa hanyar gida. Ba a rana ɗaya aka yi ɗagawar ba, kaɗan-kaɗan ne, shekara bayan shekara. Mota na ƙara tsawo, mu muna ƙara shekaru, kuma ba wanda ya zauna ya haɗa abubuwan biyu.

Sai kawai wata damina yayata ta ce ta daina zuwa. Ya tambaye ta dalili, ta ce, "Na gaji da daji. Ni ba yarinya ba ce da zan yi ta jijjiga a mota." Ya ɗauka wasa ne. Washegari ya buɗe mata ƙofa ya tsaya, ta miƙa masa filas daga bakin ɗaki ta ce Allah ya kiyaye hanya. Daga ranar ba ta ƙara kusantar motar ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma irinsa ba su iya faɗa ba. Sai ya zo garejina ya zauna a kan tsohon batir, ba aikin da ya kawo, yana ta kallon tartsatsin wuta. Kujerar gaba ta cika da tsumma da gwangwanin giris. Wata rana na gaji na ce, "Haba Yaya, ka tambaye ta mana da kyau." Ya ce ya tambaya. Can kuma, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Wanda ya ce ya gaji da daji, wataƙila da mai dajin ya gaji." Na so in yi dariya, da na ga fuskarsa na fasa. Na je na sami yayata, ta ce in kama kaina, walda aka koya mini ba sasanci ba. Taurin kai dai a gidanmu ma ba baƙo ba ne.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin ranar da ya gano. Da azahar ya fita da ƙafa sayen robar famfo, ya bar motar a tsakar gida. Ya yi nisa ya tuna bai ɗauki tsohuwar robar da zai gwada ba, ya juyo. Ƙofar gida a sakaye take. Ta tsagin ya hango yayata tsaye a gefen motar, ƙofar gaba a buɗe. Ta kama hannun ƙofa kamar yadda ta saba, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sauya ɗayar, ta cije leɓe, gwiwar ta ƙi. Ta tsaya ta huta, ta sake gwadawa. Da ta haƙura, sai ta miƙa hannu ta kwashe tsumman da ke kan kujerarta, ta kaɗe ƙurar, sannan ta mayar da su yadda ta same su, ta rufe ƙofa a hankali.

Bai shiga ba. Garejina ya zo kai tsaye, idanunsa jajur.

Da ya gama ba ni labarin, na ce, "Ai abu mai sauƙi ne. In haɗa mata ɗan akwati na takawa, ka riƙa ajiye mata."

"Akwati? Da shi za ta jefe ka."

Gaskiyarsa. Matar da ta gwammace mijinta ya ɗauka ta gaji da shi a kan ta ce gwiwarta ta gaza, ba za ta taka akwati a gaban mutane ba. Na kawo shawarar matakala mai naɗewa, a buɗe in za a hau, a naɗe in za a shiga rafi. Ya ce laka za ta cushe ta, kuma ko ba ta cushe ba, kullum sai ya zagayo ya buɗe mata, wanda daidai yake da ya yi shela. Muka auna tsayin daga ƙasa. Ko da matakala ɗaya, hawan ya yi mata yawa. Ya daɗe a tsugune yana kallon ƙarƙashin motar.

"A sauke ta," in ji shi. "A mayar da ƙananan taya. Ka liƙa matakala mai faɗi, ta dindindin, a duka gefen biyu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata yake cewa in warware da hannuna. Na ce, "Rafin fa? Da matakala a ƙasa da wannan tsayin, ko rabinsa ba za ka kai ba." Ya ce ya sani. Akwai wani mai gyara da ya shigo sana'ar da sabuwar mota, zai kai shi hayin ya haɗa shi da mutanen, ya bar masa. Na san me ƙauyukan nan suke a wurinsa. A can ne in motarsa ta ɓullo tsofaffi ke tashi tsaye.

"To, ita me za ka ce mata? Gobe ta ga matakala, jibi ta gane."

Sai ya miƙe, ya dafa gwiwarsa ta dama, ya taka zuwa bakin gareji yana ɗingishi, ya dawo. Ya ce, "Ni ne gwiwata ta lalace. Ya ka gani?"

Na ce, "Na ga abin kunya."

Haka kuwa ya yi. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya yarda yana yi, ya koma nishi in zai tashi daga tabarma. Ya sayo man shafawa mai wari ya cika ɗaki da shi. Direbobin tasha suka samu abin yi: "Mai Famfo, ashe an shiga sahun 'yan gayu? Saura labule!" Ya yi musu murmushi ya ɗingisa ya wuce. Ni kuwa na yi aikin ina ƙunƙuni, amma na yi shi da kyau. Ƙarfe mai kauri na sa, na zana masa tsagi don kada ƙafa ta zame in da laka, na goge bakin don kada ya kama zane.

Da na gama aikin, washegari da safe na kai musu motar gida. Motar ta zauna ƙasa-ƙasa, kamar ba ita ba. Yayata na tsakar gida tana shanya. Ya fito yana jan ƙafa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Kwandasta, ƙafar nan ba ta barina in yi ta hawa da sauka ɗauko kaya. Da za ki taimaka ki raka ni yau, nan kusa ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ga irinta ko? Da ana ce maka ka huta, ba ka ji. Je ka ɗauko filas, yana ɗaki."

Yana shigewa ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Auta, ka ce wa mutumin nan ya tsaya a ƙafa ɗaya. Jiya dama ce, yau hagu."

Na buɗe baki zan yi magana.

"Rufe bakin. Na san ya ba da hayin rafi, matar mai tayan ta gaya mini." Ta sa hannu ta shafa matakalar. "In na nuna na gane, dole in ce ya mayar da motarsa yadda take. Kuma ba zan iya faɗa ba, Auta. Ina son zuwa."

Ya fito da filas a hannu. Ta kama hannun ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan matakalar. Shi kuwa ya juya mata baya, ya duƙufa gyaran madubin da ba abin da ya same shi, bai ɗago ba sai da ya ji ƙofa ta rufu.