Kitsen Raguna Goma Sha Biyu

Alhamis, Maradi zuwa Dakoro

Ƙarfe biyar na asuba na isa tasha da gilasiyar, akwatin sanyi, cike da ƙanƙara da 'yan kwalabe goma sha biyu. Aikina na kammala karatu shi ne neman wani furotin a cikin kitsen rago, in ga ko ya fi yawa a jikin mai ƙiba. Abin da ke gano shi wani ruwa ne, antikor, wanda ke kama wannan furotin kaɗai ya bar baƙin layi a takardar gwaji. Ɗan abin da ya rage a labo, ɗakin bincikenmu, na gwaji ɗaya ne tak, farfesa kuma ya ce ba za a sayo wani ba bana.

Mota ba ta tashi ba sai bakwai da rabi. A shingen farko jandarma ya buɗe gilasiyar.

"Mi ka kai ka Dakoro da ƙanƙara?"

"Kitse zan ɗauko."

"Maradi mahauta sun ƙare?"

Minti ashirin ina bayani, ƙanƙarata tana zama ruwa. Mun shiga Dakoro sha ɗaya saura, raina a ɓace.

Juma'a, Dakoro

Na kwana gidan wani dattijon mahauci, Baba Ilo. Na yi masa bayani sau uku: raguna shida masu ƙiba, shida ramammu, kowanne a yanko kitse kamar kan yatsa, a sa a kwalbarsa.

"Na ji, ɗana. An gama."

Da safe na tashi zan bi shi mayanka, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura da balangu.

"Baƙo ba ya taka jini. Zamna."

Na zauna, kunya ta hana ni musu. Ƙarfe takwas ya dawo da kwalabe cike, kitse fari tas. Na sayi sabuwar ƙanƙara, na rungume gilasiyar har Maradi.

Litinin, labo

Kwana biyu ina niƙa, ina tacewa. Na zuba antikor ɗin har ɗigon ƙarshe. Layuka goma sha biyu suka fito, duk kaurinsu ɗaya. Na kira Baba Ilo a waya.

"Baba, ramammun nan, sun rame sosai kuwa?"

"Wane ramammu? Ka taho tun daga Maradi in ba ka kitsen ramamme, a yi da ni cikin gari? Babban ragon da ya hi duka na kayar, shi na rarraba maka."

Aikin shekara guda ya tafi a banza, mutumin kuma yana jiran ya ji ko na yaba.

"Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Ba komi. In ka dawo, tozon raƙumi ni ka aje maka."