Kaset ɗin Gwaggo Frumet da Sharar Idi

Duk wanda ya tashi a layinmu na Yahudawa a birnin Antwerp, da kaset ɗin Gwaggo Frumet aka lallashe shi yana jariri. Ita ba mawaƙiya ba ce, labule take ɗinkawa a ɗakinta da ke saman shagon mai kifi. Amma tun tana amarya ta sayi wata rikoda mai nauyin tsiya, tana saɓa ta zuwa gidajen tsofaffin matan da suka tsira daga yaƙin duniya. Sai ta zauna ta ce, "Inna, yi mini wadda ake yi miki kina ƙarama." Wata ta rera, wata ta fashe da kuka, wata ta kore ta. A haka ta cika kwali da waƙoƙin yara na Yidish, harshen iyayenmu, har da muryar mahaifiyarta tana rera waƙar agwagwar da ta saci hular mai burodi. Idan mace ta haihu a layin, Gwaggo ba ta kai riga ko bargo. Kaset take kwafa ta kai, kuma agwagwar ce a farko.

Yanzu tsufa ya taɓa mata kai. Wani lokaci ɗanta Getzel ma ba ta gane shi. Abinci kuwa ba ta buɗe masa baki sai an kunna mata muryar uwarta, sannan ta ci kamar yarinya. Kowa a gidan ya san haka.

Ana saura kwanaki Idin Ƙetarewa, lokacin da muke bin gida lungu-lungu don kada burbushin burodi ya kwana a ciki, na shiga duba ta. Na tarar da miya ta huce a gabanta, ta juya fuska bango. Wurin kwalin fes, an goge shi har yana ƙyalli.

Na ce wa surukarta, matar Getzel, "Perel, ina kaset ɗin?"

"Ai sun bi motar shara, Yaya Breindel. Kin ga cikinsu kuwa? Duk burbushin biskit! Shekara da shekaru yara suna ci a kansu."

"To buroshi ya ƙare a garin ne? Ke da kike goge ramin makulli da tsinken sakace?"

"Ni dai ba zan shiga Idi da haram a gidana ba."

"Sannu, uwar tsarki! Kin fitar da biskit, kin haɗa da kakar mijinki."

Getzel yana tsaye yana shafa gemu. Wai shi dama muryar mata ce, addini ya hana namiji jin waƙarsu, bai taɓa saurara ba. Na ce masa, "Da kana tsala ihu cikin zanin goyo ba ka ce muryar mata ba ce." Ya ɗauki hularsa ya fice.

Nawa kwafin rikoda ta cinye shi tun yarana suna ƙanana, don haka na shiga bin gidaje, a makon da ko 'yar'uwarki ba ta son ganinki a bakin ƙofa saboda aikin shara. Wannan ta ce ta zubar da suka tashi daga tsohon gida. Waccan ta miƙo mini sabon faifai na yara maza suna ihu a kan kiɗan inji, wai ai duk waƙa ce. Mutanen da aka yi wa kyauta a ranar farin cikinsu ke nan!

Sai a gidan Hinde, matar mai gyaran agogo, aka zaro ɗaya daga ƙasan akwatin kayan jarirai, da rubutun hannun Gwaggo a jiki. Ban tsaya gwadawa ba, na ruga wurin Gwaggo.

Na ɗumama miyar, na kunna. Ga muryar tsohuwar nan, siririya, agwagwa ta shiga gidan burodi. Gwaggo ta juyo daga bango. Ta karɓi cokali ɗaya, ta karɓi na biyu. Agwagwa tana ɗaukar hula ke nan sai ƙarar maɓalli, wani namiji ya yi gyaran murya ya fara wa'azi a kan dokokin wanke tukwane. Ashe mijin Hinde ya rasa sabon kaset a majami'armu wata rana, ya ɗauki wa'azi a kai. Na ji kamar in yi jifa da rikodar ta taga.

Gwaggo ta ɗaure fuska. "Wane ne wannan marar kunyar da yake katse Inna?"

"Wani malami ne, Gwaggo."

"Rufe masa baki."

Na kashe. Ta gyara zama, ta ɗora daga inda uwarta ta tsaya, baiti bayan baiti, har mai burodi ya kama agwagwa a bakin kogi. Wannan matar da ba ta san ranar da ake ciki ba! Nan take na danna wayata na ɗauki muryarta.

Yanzu haka ake ba ta abinci: rabi uwar, rabi 'yar, kuma tana shanye kwanon. Perel ta ce in bar kaset ɗin a gidansu don sauƙi. Na ce mata a jakata yake kwana, kuma da burbushinsa.