Taikin da Kanwa Ta Ci

Kirgin shanu arba'in na zuba a aikin nan, da damina biyu, da sunana a wurin madugun da ke bi ta Danja da ayarinsa zuwa Gwanja. Na ƙarshen ne ba a saye a kasuwa.

A lokacin ina fataucin dawa da auduga tsakanin Kafur da Maska, na kuma gaji da taikin da ke yagewa a bayan jaki tun ba a kai zango na uku ba. Sai na haɗa kai da wani tsohon baduku a unguwarmu, muka ce za mu yi wanda zai shekara goma. An jeme fatun da bagaruwa har sau biyu, aka shafe su da man kaɗe, baduku ya mayar da ɗinkin ciki don kada igiya ta goge shi. Muka ɗora ɗaya a kan jinka ya sha ruwan damina da ranar bazara. Wani muka jingine shi a jikin suri.

"Baba, gara ta ci?" na tambaye shi.

"Ta lasa ta tofar, Maigida," in ji shi. "Ko surukarka ba ta kai fatar nan tauri ba."

Madugu ya duba, ya ja, ya taka da ƙafa, ya kwashe duka a kan maganata. Dawa muka yi gwaji da ita, don ita muka sani. Shi kuwa kanwa ya ɗura. Da ruwa ya kama su a kudu, laima ta shiga ta bakin taikin, kanwa ta jiƙe, man da muka shafa ya hana ta tsanewa. Ta zauna tana cin fatar daga ciki har gindin ya rufta.

Bai yi mini faɗa ba da ya dawo. Ya aiko da gaisuwa, ya sauka a gidan wani maimakon gidana da ya saba sauka.

Taiki tara ne suka kai Gwanja lafiya, sauran sun zube a hanya da kayan mutane. Na biya abin da zan iya da jakuna huɗu. Baduku ya koma ɗinkin takalmi, bai ƙara taɓa kirgi ba har ya rasu. Abin da na samu shi ne sanin tambayar mai saye me zai zuba. Ayarin kuwa bai sake tsayawa a ƙofata ba.