Mai Giyar da Ba Ta Isa Ɗanɗanawa Ba

Michiru Iwabuchi tana da shekara goma sha takwas mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi a gindin tukunyar turara shinkafa. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma duk abin da aka ɗora masa a harshe sai ya ji shi lami. Ga mutumin da ya gaji dafa giyar shinkafa tun kaka da kakanni a ƙauyensu na cikin duwatsun Akita, mutuwar harshen ta fi ta ƙafar ciwo.

Ita kaɗai ya haifa. Ta riga ta sami gurbin karatu a birnin Sendai, har ta ɗaure kaya. Ba wanda ya ce ta zauna. Da kanta ta kwance kayan, ta ɗauki takalmin roban babanta, ta cusa tsumma a ciki don ya yi mata daidai.

A wurin hukuma ita baliga ce. Ta sa hannu a takardun gidan, ta jefa ƙuri'a, ba a nemi izinin kowa ba. Amma giya, ko ɗigo, sai ta cika ashirin.

Kawu Gonda, wanda ke aiki da babanta tun kafin a haife ta, ya ga abin a matsayin wasa. Wata safiya ya tsoma ludayi a randa ya miƙo mata.

"Kurɓa mana, 'yar nan. Wa zai gani? Ni da randa ba ma kai ƙara."

"Kawu, jiya na kori samari biyu daga shago don ba su kai ashirin ba, ɗaya ma ajinmu ɗaya. Yau kuma in laɓe in sha? Ranar da na sata, ranar na yarda ni yarinya ce."

"To ki zauna da girmanki, ki dafa abin da ba ki san ɗanɗanonsa ba."

Ta hau jirgin ƙasa zuwa birni, ta sami jami'in da ke kula da masu sana'arsu. Dattijo ne mai sanyin murya, ya saurare ta har ta kai aya.

"Ba sha zan yi ba, ranka ya daɗe. In ɗanɗana ne in tofar."

"Ba ni da ikon ba ki wannan izinin."

"Na isa in ɗauki ma'aikaci in sallame shi. Gobe in na ga dama in yi aure. Amma ban isa in san abin da nake sayar wa mutane ba?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ƙanena yana da sha tara ya hau babur a buge, bai dawo ba. Ni dai ban ga laifin dokar ba."

Michiru ta miƙe. Ta sunkuyar da kai ta yi masa gaisuwa, ta fito. A hanya ta juya maganar ta sake juyawa. Ta yarda don irin ƙanensa aka yi dokar. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne a ɗora mata kayan manya duka, sannan a riƙe mata hannu ɗaya.

Dole dai a sami mai ɗanɗanawa. Kawu Gonda taba ta gama da harshensa, ko ruwan wanke shinkafa ka ba shi sai ya ce, "Ya yi." Sai ta tuna da kakarta Fusae, wadda a kan tebur ba abin da ke wuce bakinta bai sha suka ba.

"Ni?" in ji tsohuwar. "Kakanki har ya mutu bai bar ni na tsallaka ƙofar ɗakin dafa giyar nan ba, wai mace tana sa giya ta yi tsami. Yanzu da haƙora suka zube ake nemana?"

"Ai ba tauna za ki yi ba, Kaka."

"Ji marar kunya! Miƙo min sandata."

Haka suka yi hunturu biyu. Michiru ta wanke shinkafa cikin ruwan da ke yanka hannu har fatarta ta tsattsage. Ta koyi kasa kunne a jikin randa tana jin yadda kumfa ke tashi, ta koyi sansana har ta san ranar da ƙamshi ke juyawa. Kaka kuwa ta zauna a kujera da bargo a gwiwa, ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce wannan kamar tuffar da ta kwana a aljihu, wancan kuma ruwa ne ya yi ado.

Shekarar farko randa guda ta yi tsami, aka zubar. Wani mai gidan abinci da ya daɗe yana saye a wurinsu ya janye, ya ce ba zai ba baƙinsa giyar da mai ita ba ta taɓa sawa a baki ba. Michiru ta yi kuka a bayan rumbu, ta wanke fuska da ƙanƙara, ta koma aiki. Shekara ta biyu ba randar da ta lalace.

Ranar da ta cika ashirin, da hantsi, suka taru su huɗu. Babanta daga kan kekensa na guragu ya zuba mata da hannun hagu, rabi a ƙoƙo rabi a tebur. Kurɓar farko ta sarƙe ta, ta yi ta tari, Kawu Gonda ya yi dariya har da hawaye. Ta sake kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye a hankali.

"Akwai ɗaci a ƙarshe," ta ce.

Ta juya ta dubi kakarta.

"Kaka, akwai ɗaci."

"Na sani. Tun bara yake nan."

"Kika yi shiru?"

"Kina barci a tsaye, hannunki duk jini, in ƙara miki da ɗaci? Ni kakarki ce kafin in zama ma'aikaciyarki."

Michiru ta ajiye ƙoƙon. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba da tsohuwar kaɗai ba. Shekara biyu tana sayar da aibin da kurɓa ɗaya ta isa ta nuna mata. Ta ɗauki ludayi ta bi randunan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗanɗanawa tana tofarwa, abincin bikin ya huce a tebur.

Sai da ta ƙara hunturu uku kafin ta kori ɗacin nan. Babanta bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a na biyu.

A taron masu sana'ar na lardinsu kuwa, tun zuwanta na farko ta miƙe tsaye a cikin dattawa, ta ce a haɗa kai a roƙi hukuma ta bar mai koyon sana'a ɗan sha takwas ya ɗanɗana a gaban malaminsa.

"Ke da kin riga kin tsallake, ina ruwanki?" wani ya tambaya.

"Na tsallake da ɗaci a randa, Baba. Ba na so na bayana ya yi haka."

Aka yi dariya, aka wuce zuwa maganar kwalabe. Mutum ɗaya ne ya same ta a bakin ƙofa ya ce yana tare da ita. Dokar tana nan yadda take. Kowace bazara Michiru tana sake tayar da maganar, har shugaban taron ya daina jiran ta ɗaga hannu, da an zo ƙarshe sai ya dube ta ya ce, "To, Iwabuchi, tashi mu ji." A taron bana mutum bakwai ne suka tashi tare da ita.