Shaidar Kusu

Shekara ashirin da takwas na yi ina ba ɓeraye abinci. Idan aka tambaye ni aikina a wajen ɗaurin aure sai in ce ma'aikacin asibiti ne ni, don na gaji da dariyar mutane. Gaskiyar magana, ni ne mai kula da ɗakin dabbobi a wata cibiyar binciken magunguna. Fararen ɓeraye ne cikin keji, a yi ta ɗura musu mai da sukari har hantarsu ta yi kitse, sannan a ba rabinsu sabon magani a hana rabi, a zauna a ga waɗanda za su murmure. Yanzu na ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi ni, ido ma ya fara ja da baya. Amma ba a cibiyar na fara ganin wannan aiki ba. A Jibiya na gan shi, a tsakar gidanmu, a hannun tsohuwar da ba ta san ko bihim ba.

Iya muke ce mata, ita ta haifi Babanmu. Lokacin ina wajen shekara takwas, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Gidanmu yana bakin hanyar Maraɗi, jakai da raƙuma na wucewa wuni guda, mota kuwa sai jefi-jefi, in ta zo yara su bi ta da gudu har ta ɓace. Babanmu ɗan fatauci ne mai jakai huɗu, yana kai gyaɗa duk ɓangaren iyakar da ta fi daraja a shekarar, ko nan wajen Ingilishi ko can ƙasar Faransa. Shi ne ɗan farin Iya, don haka ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Mai jakai" take ce masa, kuma ko hira ba sa yi, gaisuwar safe ce kawai, ita tana kallon gabas shi yana kallon ƙasa.

In sanyi ya shigo, da an gama cin tuwo an yi sallar isha'i sai ta hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta cikin tsofaffin nan masu kwaikwayon muryar kura da rawar kai. A gajiye take ba da tatsuniya, tana yi tana matsa ƙafafunta, wani lokaci ta tsaya tsakiyar labari ta yi hamma har mu ɗauka ta yi barci. Ni ne angonta na wasa, ni kuma na fi shan tsiyarta. Kullum sai ta ce ta yi asarar aure, miji ba gemu, ba gona, sai cin tuwo.

Mahaifinta Bamaguje ne daga ƙauyukan Bugaje, mai magani, kuma wajensa ta gaji wata ɗabi'a da ban ga kowa da ita ba a garin. Tana da tsofaffin tukwane biyu a bayan rumbu, an rufe bakinsu da faifai an ɗora dutse. Idan aka kawo mata saiwa ko garin da ba ta sani ba, musamman irin wanda fatake ke sayowa daga arewa, ba ta ba kowa. Sai ta kafa ƙwarya da ɗan tsinke a cikin rumbu ta kama ɓeraye biyu da rai, kusu muke ce wa ɓera a can. Ɗaya ta kwaɓa masa abin a cikin gari, ɗaya ta ba shi zallar gero, ta jira kwana bakwai. Na taɓa tambayarta amfanin na biyun, tun da ba a ba shi komai ba. Ta ce in ba shi, ta yaya za ta san ko zaman tukunya ne ya kashe na farkon? Na girma na ga masu digiri suna faɗin wannan magana da dogon Turanci.

Shekarar da nake ba da labarinta, ruwa ya yi mana ba-zata bayan an tuge gyaɗa an baza ta tana bushewa. Kwana biyu ana yi. Gyaɗa ta jiƙe, ta bushe a kan laima, in ka ɓare sai ka ga wani ƙura-ƙura kore a jikin ƙwayar. Masu sikeli na Jibiya suka ƙi ta. Baba ya ɗora wa jakai ya haye iyaka, can ma suka ƙi. Ya yi mako biyu yana yawo da ita daga wannan kasuwa zuwa waccan, ita ce guzurinsa, ya dawo da kayansa yadda ya tafi da su, sai dai idonsa ya yi ɗorawa. Kowa ya gani ya ce shawara ce. Kafin wata ya ƙare ciki ya fara kumbura, tuwo ba ya zama, ba abin da ke shiga sai kunu.

Iya ta ce kunun gyaɗa za a riƙa dama masa, shi ne mai sa ƙarfi, ga ta kuwa buhu-buhu a zaure ba mai so. Innarmu, mahaifiyata, mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta musa wa surukarta ba. Ran nan dai ta durƙusa a gefen murhu, kanta a ƙasa, ta ce, "Iya, gyaɗar ga da ɗaci-ɗaci."

Iya ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na jiya. Bari mu tambayi waɗanda sunka hi mu sani."

Washegari tukwane suka sami baƙi. Ɗaya aka zaɓar masa mafi munin ƙwayoyin, waɗanda suka yi kore sosai, ɗaya aka ba shi gero. Kwana bakwai Iya ta hana a dama wa ɗanta gyaɗar, kunun gero tsarara yake sha yana ƙara ramewa, ita kuma kowace safiya tana ɗaga faifai tana leƙawa. Na san hankalinta a tashe yake, don a makon nan ko sau ɗaya ba ta tsokane ni ba. A rana ta bakwai ta kira Inna ta buɗe mata. Mai cin gyaɗar ya yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, yana neman tsalle ya fito. Na geron ne ma ya yi laushi. Inna ta duba, ta ce to, ta tafi ta ɗauko turmi.

Da maraicen ranar Iya ta hura wuta, na ga fuskarta a sake karo na farko tun dawowar Baba. Ta ce, "Angona, matso, yau da labari. Ga wata ta iso, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo.

Wai a zamanin da, mutum bai san abin da ake ci da abin da ba a ci ba. Ya ga ɗan itace ja ya jefa a baki ya mutu, ɗan'uwansa ya haƙo saiwa ya tauna ya bi shi, har mutane suka kusa ƙarewa. Wata tsohuwa da 'ya'yanta suka rage saura ɗaya ta kama kusu a rumbunta yana sata. Ta ɗaga muciya, kusu ya ce ta dakata, yana da abin sayarwa. Ya ce shi bakinsa ƙarami ne, ransa ma ƙarami, in ta bar shi zai riƙa ɗanɗana mata komai kafin ɗanta ya ci. In ya kwana lafiya a ba yaro, in ya faɗi a binne shi a kama ɗan'uwansa, don su suna da yawa, ita kuwa ɗa ɗaya gare ta. Ladansa kawai a kau da ido in ya shiga rumbu. Tsohuwa ta yarda. Kusu ya ci gero ya kwana, ya ci wake ya kwana, ya lashi ruwan tinya ya mimmiƙe, aka san tinya ba ta ciyuwa. Ɗan tsohuwa ya rayu ya hayayyafa, mu ne jikokinsa. Kyanwa ce kaɗai ba ta nan ranar da aka ƙulla alkawarin, shi ya sa har yau ba ruwanta da shi.

Muka yi dariyar kyanwa. Iya ta gyara itace ta ce, "Kun jiya? Kusu ɓarawo ne, amma ba shi shaidar zur. Ta ƙare, kowa shi nemi tabarmatai."

Daga ranar ita da kanta take dama kunun, safe da yamma. Mu yara tuwon dawa muke ci, gyaɗa ta mara lafiya ce. Kunya ba ta barinta ta shiga ɗakin ɗan fari ta zauna kusa da shi, sai ta miƙa wa Inna ƙoƙon a bakin ƙofa, ta koma ta zauna a kan turmi tana jiran a fito da shi wayam. In ta ga ba kome a ciki sai ta yi ajiyar zuciya ta tashi. Haka aka yi ta yi har kusan wata biyu. Baba ya rasu wata ranar Laraba da hantsi. Iya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba a yi wa ɗan fari. Ta ci gaba da ba mu tatsuniya shekara uku da suka rage mata, sai dai sun gajarce, hammar ta yi yawa, wani lokaci wutar ma sai mu muke hurawa.

Na yi elementare, na yi gaba kaɗan, rabo ya kai ni ɗakin ɓeraye. Na kai shekara goma a wurin sai wata rana wani likita ya sa aka kawo mini 'yan agwagi cikin kwali. Na yi ta mita, na ce ni ba kiwon kaji aka ɗauke ni ba, ga ɓeraye nan fiye da ɗari me ya hana a yi da su? Ya ce dafin gyaɗa mai funfuna za su gwada, wanda ke lalata hanta, kuma babban ɓera ba ya amfani a wannan gwaji. Hantarsa tana da hanyar kashe dafin, sai ya ci ya yi ƙiba abinsa. Ɗan agwagwa ba shi da wannan gata, ɗan'adam ma haka. Yana faɗi yana rubutu, bai ma ɗago ba. Ni dai na sami buhun abincin dabbobi na zauna a kai.

Daga baya na ba shi labarin Baba. Ya ce ba mai iya rantsewa gyaɗar ce, shawara iri-iri ce, mai yiwuwa da ciwonsa tun kafin nan. Na gode masa, na san lallashina yake yi. Ban bar aikin ba, kuma ban raina shi ba. Wanda bai gwada ba ya fi kowa ganganci, na ga magungunan da ɓeraye suka tare a hanya kafin su kai ga mutane, na kuma san akwai masu ciwon suga da na hanta da ke yawo yau albarkacin waɗannan 'yan halittu. Iya ba ta yi ƙarya ba, kusu ba ya shaidar zur. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba sai da furfura ta fara fito mini, shi ne a kan cikinsa kawai yake ba da shaida. Tun daga nan in matasan likitoci suka shigo suna murna hantar ɓeraye ta washe, nakan taya su murna da baki, in ci gaba da wanke keji. Na gaji da zumuɗi.

Na daɗe ina shawarar ko in gaya wa Inna. Ita ce ta faɗa tun farko aka ƙi ji, ina ganin tana da hakkin ta san ba ta yi kuskure ba. Da na sami hutu na tafi Farfaru, inda take zaune wajen ƙanwata. Na same ta a inuwa tana tsinkar zogale, ta tsufa ƙwarai. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na zayyana mata duka, da agwagin da likitan. Ina jiran ta yi salati ko ta yi kuka. Hannunta bai ko tsaya ba.

Ta ce, "Ai na sani. Halshena ya hwaɗa mani tun ran nan, ba sai Bature ya hwaɗi ba."

Na ce to me ya sa ta ci gaba da kai masa?

Ta ce, "Uwatai ce. Ba ta iya kiran sunanai, ba ta iya taɓa goshinai, kunun nan shi kaɗai gare ta. Ga kusu ya ci ya yi ƙiba gaban idona. In ce mata mi?" Ta kakkaɓe ganyen da ke zanenta. "In na shiga ɗaki, rabi nika juyewa cikin kasko in ɓoye ƙarƙashin gado, rabi in ba shi, in hito mata da ƙoƙo wayam. Na ɗauka na raba gardama."

Ta jawo wani reshen zogale ta ci gaba da tsinka, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai yau ka ji. Ni shekara nawa ke nan, kullum na kwanta sai na tuna rabin da na ba shi."